Inda Baƙo Yake Sauke Kayansa: Jawabin Taron Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Hajiya Shugaba, Hajiya Ma'aji, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya tun tana ɗan adashe a tsakar gida, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a raba abinci, barkanmu da cika shekara 10.

A yi mana afuwa in an ji muna tuntuɓe a karatu. Mu 'yan ajin Asabar da Lahadi aka ɗora wa wannan jawabi, kuma kun san mu, shekarun baya kaɗan in aka miƙo mana takarda sai mun kira yaro. Wannan da hannunmu muka rubuta shi, Malama ta bi ta sa wa haruffa ƙugiyar da muka manta. Abin da ke ciki kuwa mun tattaro shi daga bakin iyayenmu, da rediyo, da abin da yara suka karanto mana a waya, da abin da idonmu ya gani a kasuwa.

An ce mu yi magana a kan yadda kamfanoni ke zaɓar inda za su zauna, da yadda gari ke jawo masu zuba jari daga waje. Da aka faɗi haka wasunmu har dariya suka yi, wai ina ruwan mai sayar da riɗi da zancen gwamnoni? To ai ruwanmu ne, don bara abin a kanmu ya faru, kuma har yau da sauran ciwonsa.

Kun tuna bayan kaka, lokacin da zoɓo ya shigo, wakilin wani kamfani mai fitar da zoɓo da riɗi ƙasashen waje ya zo neman inda zai buɗe wurin tsinta da awo. Mata yake nema, aikin watanni, biya duk mako. Unguwa uku ya sa a ransa har da tamu. Ranar da zai zo muka share ƙofar gida, muka ɗaura anko, aka yi dambu, aka haɗa kunun aya. Bawan Allah ya ci ya yi santi, sannan ya ciro ɗan littafi ya fara tambaya. Ina sitonku? Buhu nawa kuke iya tsincewa a mako, ina kuma aka rubuta na bara? Babbar mota tana shigowa layin nan da damina? In na turo kuɗi a asusun wa zan sa, su wa ke sa hannu? Muka yi ta kallon juna. Daga ƙarshe ya ce a kawo buhu ɗaya cikin waɗanda muka tsince. Bai tsaya duba sama ba, ya zura hannu har gindin buhu ya ɗebo. Abin da ya fito a tafin hannunsa mu da muke wurin mun gani, ba sai mun faɗa a gaban surukai ba. Ya yi godiya ya tafi. Bayan sati uku muka ji ya sauka a wata unguwar.

Wallahi mun ji zafi. Wata ta ce asiri aka yi mana, wata ta ce ai 'yan can suna da ɗan uwa a kamfanin. Da muka kai kukanmu aji, Malama ba ta tanka ba, sai ta ce mu faɗo tambayoyin mutumin ɗaya bayan ɗaya ta rubuta a allo. Da muka karanta su a jere sai jikinmu ya yi sanyi, don babu wadda mu kanmu ba ma yi in za mu kama rumfa. Mai ƙosai ba ta ɗora kaskonta a ƙuryar lungu, bakin tasha take nema inda masu sammako ke wucewa. Mai kayan miya tana raɓar mahauta, don wanda ya sayi nama zai nemi tattasai. Mu masu hatsi muna son kusa da inda mota ke sauke kaya, saboda kowane taku na ɗan dako kuɗi ne. Kuma duk cikinmu babu wadda za ta zuba jarinta a layin da ake fasa shago duk wata, ko da kyauta aka ba ta. Ashe mai biliyoyi ma lissafin nan yake yi, sifilinsa ne ya fi namu yawa.

Abu na farko da mai jari ke dubawa shi ne kayan da zai sarrafa, da hanyar da za su bi. Ba sai mun je nesa ba, Kano ta ishe mu misali. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 jirgi ya fara ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Turawan Ingila auduga suka sa wa rai saboda masaƙunsu. Manomanmu suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko kasuwa ta ƙi ta ana iya ci a gida. Kafin a ce me, kamfanonin Turawa sun buɗe wuraren saye kusa da tashar jirgi, Kwarori mutanen Siriya da Labanan suka biyo su suka zauna wajen Fagge, marigayi Alhassan Ɗantata ya zama babban mai sayen gyaɗa. Dalar gyaɗar da kakanninmu ke ba mu labari daga nan ta taso. Ba mu taɓa jin an ce an yi wa waɗannan baƙi anko ba. Gyaɗa da dogo ne suka kira su. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta kama gyaɗa a 1975, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur, sai dala ta ɓace, masu saye suka kama gabansu. Mu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa mu muka gaji ragowar.

Haka labarin masaƙun Kaduna yake. A 1957, zamanin Sardauna, gwamnatin Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙa a Kakuri. A 1964 masu kuɗi daga Hong Kong suka kafa UNTL. Me ya kai mutumin Hong Kong Kakuri? Ga auduga tana zuwa daga Funtuwa da Gusau da Zariya, ga kogin Kaduna don rini da wanki, ga dogo, ga kuma masu saye, wato iyayenmu mata da ba sa biki sai da sabuwar atamfa. Majemun Challawa ma haka: akwai fatu, har da na jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da duniya ta sani, akwai kuma ruwa a kusa, tunda jima ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa. Ko a baya-bayan nan, a 2017, kamfanin Olam na ƙasar Singafo ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna. Masara da waken soya ya bi har inda ake noma su.

Abu na biyu, kuma nan ne ya fi taɓa mu, shi ne kayan su riƙa zuwa kullum, a kan lokaci, kamar yadda aka yi alkawari. Duk mai bin hanyar Zariya ya san Kadawa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Tumatir kan yi yawa a can har ya ruɓe a kwando. A 2016 Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a wurin, mai iya cin tan 1,200 a rana. In a takarda ne, babu wurin da ya fi nan dacewa. Amma a shekarar tsutsa ta cinye gonakin tumatir, ku da kuke cefane kun tuna yadda kwano ya yi tsada. Bayan haka kuma, duk lokacin da farashin kasuwa ya ɗara na kamfani, manomi kasuwa yake nufa da kwandonsa. Ba ma ganin laifinsa, shi ma iyali gare shi. Sai dai inji ba ya jira, in babu tumatir a yau ma'aikata za a biya ko an yi aiki ko ba a yi ba. An buɗe masana'antar an rufe ba sau ɗaya ba. To in mai ƙarfi irin wannan ya sha wuya a kan rashin tabbas, ina ga ƙaramin wakilin da ya zo mana? Da ya ce buhu nawa a mako, so yake ya san ko ranar da muke da biki ko suna aikinsa zai tsaya. Mu kuma a tsakaninmu mun san amsar.

Abu na uku shi ne tsadar tafiyar da aikin, musamman wuta. A cikinmu akwai waɗanda mazajensu ko iyayensu suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Suna ba mu labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki, da yadda masu abinci a bakin ƙofa ke sayar da tukunya uku kafin azahar. Yau da yawa cikin gine-ginen nan sun zama sito na ajiye kayan waje. Masaƙar farko ta Kakuri ta rufe a 2002, UNTL ta rufe ta Kaduna a 2007, dubban magidanta suka koma gida. Wuta babu, baƙin man da injuna ke sha ya yi tsada, atamfa mai araha kuma tana shigowa ta ɓarauniyar hanya. Mu faɗi gaskiya, mu ma mun saya, har yanzu muna saye, don aljihu shi ke zaɓe a Kantin Kwari. Masu niƙa a cikinmu sun fi kowa gane wannan: ranar da aka kawo wuta riba daban, ranar da aka tayar da janareto kusan aikin banza ake yi.

Har kuɗin ƙasa yana cikin lissafin. A watan Disamba na 2023 kamfanin Amurka mai yin Pampers da omon Ariel ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya, zai riƙa shigo da su daga waje. Dalilin da ya bayar shi ne faɗuwar naira: yana ciniki da naira, masu shi kuma da dalar Amurka suke ƙirga riba. Duk wadda ta taɓa sayar da buhu yau, ta koma saro gobe ta tarar kuɗin ba ya sayen wani, ta san wannan ciwon.

Na huɗu kuwa kwanciyar hankali ne. Mai jari yana tambaya ko direbansa zai bi hanya ya dawo lafiya, ko takardar filin da aka ba shi za ta tsaya in an canza gwamnati, kuma mutum nawa ne za su zo masa da rasit. Mu da muke biyan kuɗin rasit har kala uku a rumfa ɗaya, ba sai an yi mana bayani ba.

To me gwamnatoci ke yi don su jawo baƙin nan? Tun 1995 akwai hukumar tarayya ta ƙarfafa zuba jari, jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa kuma kowacce ta kafa tata. Kaduna ta fara taron gayyatar masu jari a 2016. A da an daɗe ana yi wa sababbin masana'antu rangwamen haraji na shekara 3 zuwa 5, ana kuma ware musu fili, ana keɓe yankunan da kaya ke shiga su fita ba tare da kuɗin fito ba. Duk wannan yana da kyau. Amma mu da muka dafa dambu muka ga ƙarshensa, muna ganin taro da rangwame kamar dambun nan ne. Baƙo zai ci ya gode, sannan ya ciro littafinsa.

Babbar matsalar Arewa a wannan littafi ita ce nisa da teku. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kowace kwantena sai ta sha wannan tafiya. Aliko Ɗangote ɗan Kano ne, amma da ya tashi gina matatar mai a Lekki ya gina ta, a bakin teku, inda jirgin ruwa zai kawo ɗanyen mai ya ɗauki tatacce. Son gida bai sa ya kawo ta Ƙoƙi ba. Shi ya sa ayyukan da ke rage nisa da tsada suka fi kowane taro amfani. A watan Janairu na 2023 an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don a riƙa kammala takardun fito a nan gida. A 2020 an ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, domin masana'antu su samu makamashi mai sauƙi. A 2021 kuma aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Waɗannan su ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu a kansu in sun zo da atamfa da sabulu: ina aka kwana?

Sai dai akwai ɓangaren da gwamna ba zai yi mana ba, shi ne gindin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin fiya-fiyar nan da wasu ke zubawa a sito. Ba kowa ne ya zuba ba, amma kowa ya sha hukuncin. Hausawa suka ce wake ɗaya ke ɓata gari, ga shi wake ya ɓata sunan ƙasa guda. Zoɓon da muke tsinta a nan, wanda ake lodi a Dawanau, har ƙasar Meziko yake zuwa, can ma jiƙa shi suke su sha kamar mu. Su ma sun taɓa dakatar da saye saboda ƙwari da suka gani a kaya. Riɗinmu yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Wato hannun da ke tsince tsakuwa a tsakar gidanmu yana cikin abin da ke sa baƙo ya zo ƙasar nan ko ya wuce ta. Mun yi mamaki da muka gane haka, muka kuma ji kunya.

Kada a ɗauka muna cewa duk wanda ya zo da jaka a buɗe masa ƙofa. Baƙo raɓa ne, wata rana zai tafi, mu za a bari da wurin. Mutanen da ke zaune a bakin kogin Challawa sun san abin da ruwan majema ya yi wa ruwansu. Akwai ƙauyukan da aka karɓi gonaki da sunan kamfani, diyya ba ta kai ta kawo ba. Saboda haka in wani ya sake zuwa, mu ma mu fito da namu littafin. Nawa ne kuɗin tsintar buhu, a rubuce? Ranar wace ake biya? Wa zai sayi takunkumin rufe hanci, tunda ƙurar zoɓo tana kama ƙirji? In ya tashi tafiya, kwana nawa zai ba mu sanarwa? Yanzu mun iya karatu, kada mu sake dangwala yatsa a kan abin da ba mu karanta ba.

Yanzu ga abin da ya sa muka yi duk wannan dogon zance. A taron wata mai zuwa za a ɗaga hannu a kan ribar bana. Ko dai a raba ta kamar yadda aka saba, ko a riƙe ta a kama hayar sito a bakin kwalta, a sayi sikeli da tamfol da rariya, a buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku. Rajista muna da ita tuntuni, amma kuɗinmu har yau a asusun mutum ɗaya suke kwana. Ba a taɓa rasa ko kwabo ba, Allah ya saka wa Hajiya Ma'aji da alheri, sai dai baƙo bai san ta ba kamar yadda muka san ta, takarda yake gani.

Mu 'yan aji mun tsaya a kan a kama siton, kuma ba za mu ɓoye muku nauyinsa ba. Mun san akwai wadda ta riga ta sa wannan kuɗi a lissafin kuɗin makaranta, akwai mai aurar da 'ya, akwai wadda maigidanta ke kwance. Mu ma a cikinmu akwai irinsu. Kuma babu wanda ya yi mana alkawarin cewa in mun kama sito kamfani zai zo. Zai yiwu mu gyara wuri shekara ta wuce ba mu ga kowa ba. Abin da muka lissafa shi ne, ko baƙo bai zo ba, siton zai ba mu damar sayen riɗi da wake da kaka mu ajiye zuwa bazara, maimakon mu sayar da araha mu dawo mu saya da tsada. In kuma ya zo, ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kuma ba da shawara a ware wani abu daga ciki a matsayin rance ga duk wadda buƙata ta matsa wa, don kada gyaran gobe ya hana wata cin yau.

Akwai abu biyu da ba sa buƙatar ko sisi, za mu iya farawa daga wannan makon. Na ɗaya, littafi: duk buhun da ya shigo ko ya fita a rubuta rana da nauyi da sunan mai shi. Mu huɗu daga aji mun ɗauki wannan, muna roƙon 'yan matanmu na sakandare su riƙa duba mana lissafi ranar Lahadi. Na biyu, duk buhun da zai fita da sunan ƙungiya sai mutum biyu sun zura hannu har ƙasa. Wadda aka dawo mata da nata kada ta yi fushi, gara 'yar uwa ta gani da baƙo ya gani.

Iyayenmu maza da mazajenmu, ku ma muna da roƙo. Maganar kwalbatin da ke hana mota shigowa layinmu da damina, ku ne masu zama da mai unguwa da kansila. A taimaka a kai maganar, a kuma riƙa bibiya.

Iyayenmu da suka fara adashen nan ba su da allo ba su da biro, amma sun riƙe amana shekara 10 har muka zo muka tarar. Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Malama, Allah ya biya ki. Duk wadda maganarmu ta sosa wa rai ta yafe mana, da mu da ku duka a kan buhu ɗaya muke. A je gida a yi shawara da maigida, a yi lissafi, mu haɗu wata mai zuwa.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.